TAYIM MAI YAƊO: TSIRON DA KE MAYE GURBIN CIYAWAR ADO A YAMMACIN AMURKA

A cikin watan Yuli na shekarar 2022, ruwan Tafkin Mead, wanda ya fi kowace matarar ruwa girma a ƙasar Amurka, ya janye ƙwarai har ya zama saura kashi 27 cikin 100 na abin da tafkin yake iya ɗauka. Rabon da a ga ruwansa ya yi ƙasa haka tun shekarar 1937, lokacin da ake cika shi karo na farko bayan an gina madatsar ruwa ta Hoover a kan Kogin Kolorado. Wannan kogi kuwa shi ne ke shayar da mutane wajen miliyan 40 a jihohi bakwai na yammacin Amurka da kuma arewacin ƙasar Meziko, ga shi kuma tun shekarar 2000 yankin yake fama da fari mai tsanani.

Da hukumomin ruwa na waɗannan jihohi suka zauna neman inda za su rage ɓarna, sai hankalinsu ya koma kan wani abu da ke ƙofar kusan kowane gida da kowane ofis, watau koriyar ciyawar nan ta ado wadda ake shimfiɗawa a fili, a riƙa ba ta ruwa ana aske ta da inji. Hukumar kiyaye muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na ruwan da gidaje ke amfani da shi a waje yake ƙarewa, galibi a kan ciyawa da furanni, a yankuna masu ƙarancin ruwan sama kuwa abin yakan kai kashi 60. Wannan shi ya sa masu gidaje da yawa suka shiga neman abin da zai rufe musu ƙasa, ya hana ƙura, ya ƙawata wuri, amma ba tare da shan ruwa mai yawa ba. Cikin tsirran da suka yi suna a wannan nema har da wani ɗan ƙaramin tsiro mai ƙamshi da ake kira tayim mai yaɗo.

DOKA TA HAU KAN CIYAWA

Ba yau aka fara wannan tunani ba. Tun cikin 1981 ma'aikatan hukumar ruwa ta birnin Denba, a Jihar Kolorado, suka ƙago kalmar zeriskef, wadda suka gina a kan wata kalmar Girkanci mai nufin busasshe, domin su bayyana dabarar tsara lambu da tsirran da ba su bukatar ban-ruwa mai yawa. Birnin Denba yakan sami ruwan sama wajen inci 15 ne kawai a shekara, watau bai kai abin da Sakkwato ke samu ba. Birnin Las Begas na Jihar Nebada kuwa inci huɗu ne rabonsa, kwatankwacin na Agadas, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da yake sha daga Tafkin Mead ake jawo shi.

Tun 1999 hukumar ruwa ta kudancin Nebada take biyan mutane kuɗi domin su tuge ciyawar adonsu su dasa abin da ya dace da hamada. Bisa lissafin hukumar, duk murabba'in ƙafa ɗaya na ciyawa da aka kawar yana ceton galan 55 na ruwa a shekara, watau duro guda cur. Mai gidan da ke da fili mai murabba'in ƙafa 1,000, wanda bai wuce tsakar gida madaidaiciya ba, zai ceci duro dubu ke nan kowace shekara.

Da lallashi ya kasa, sai aka koma ga doka. A watan Afrilu na 2015 Gwamna Jerry Brown na Jihar Kalifoniya ya ba da umarnin a rage shan ruwa a birane da kashi 25 cikin 100, a kuma kawar da ciyawar ado mai faɗin murabba'in ƙafa miliyan 50. A 2021 Majalisar Dokokin Nebada ta zartar da dokar da ta haramta amfani da ruwan Kogin Kolorado wajen shayar da ciyawar da ba ta da wani amfani sai kallo, kamar ta gefen titi da ta gaban kamfanoni, daga ranar 1 ga Janairu, 2027, ko da yake dokar ba ta shafi gidajen zama na iyali guda ba. Kalifoniya ta kafa doka mai kama da wannan a 2023, Kolorado ita ma ta hana dasa sabuwar irin wannan ciyawa a filayen hukuma da na kasuwanci cikin wata doka ta 2024.

To, amma in an tuge ciyawa ba a iya barin ƙasa tsirara, domin iska za ta kwashe ta, rana ta gasa ta, miyagun ciyayi kuma su mamaye wurin. A Las Begas, inda zafi ke kaiwa matuƙa, an fi komawa ga tsakuwa da tsirran hamada. A garuruwan da ke kan tudu masu ɗan sanyi kuwa, irin su Denba, nan ne tayim mai yaɗo ya sami karɓuwa.

ASALINSA DA KAMANNINSA

Matan ƙasar Hausa ba baƙin tayim ba ne, domin kuwa busasshen ganyensa, wanda ake sayarwa tare da kori, ya daɗe da zama cikin kayan miya da na dafa nama. Wancan na girki wani ɗan guntun itace ne mai miƙewa tsaye wanda asalinsa ƙasashen bakin Bahar Rum ne. Shi kuwa mai yaɗo ɗan'uwansa ne na jini, sai dai maimakon ya tashi sama, kwanciya yake yi ya bi ƙasa. Dukansu dangin na'ana'a da ɗoɗɗoya ne, kuma masana sun lissafa ire-iren tayim wajen 350. Masanin tsirran nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa wa mai yaɗon suna Thymus serpyllum a 1753, kalma ta biyun kuwa ma'anarta mai rarrafe. Akwai kuma wani makusancinsa, Thymus praecox, wanda masu sayar da dashe sukan haɗa su da suna ɗaya.

Tsayinsa ba ya wuce inci biyu zuwa uku, amma tushe guda yakan bazu ya rufe ƙafa ɗaya ko ɗaya da rabi. Rassansa sirara ne, duk inda gaɓarsu ta taɓa ƙasa sai ta saki saiwa, ta haka ne suke saƙuwa da juna har su zama kamar darduma. Ganyensa bai fi ƙwayar shinkafa ba. A watannin Yuni da Yuli yakan lulluɓe da ƙananan furanni na tsawon makonni uku ko huɗu, har ganyen ya ɓace wa ido. Akwai mai jan fure da ake kira Coccineus, da mai fari da ake kira Albus, da mai ruwan hoda, akwai kuma wani mai gashi-gashi launin toka wanda ba ya cika yin fure amma ya iya shiga tsakanin duwatsu.

A ƙasashen Turai, inda ya fito, ba a samunsa a fadama ko a gona mai taki. Wurin zamansa shi ne jigawa, da gangaren dutse, da makiyaya mai gajeriyar ciyawa inda rana ke duka kai tsaye. A Ingila, alal misali, ainihin Thymus serpyllum yana fitowa ne da kansa a yankin Breckland mai rairayi, wanda ke cikin sassan ƙasar mafi ƙarancin ruwan sama. Wannan asali shi ne ya gina masa jiki. Ƙanƙantar ganyen da kaurin fatarsa suna rage ruwan da ke fita ta cikinsa, shimfiɗar da rassan suka yi kuma tana yi wa ƙasa inuwa, ta hana danshi saurin tashi. Cikin ganyen akwai wani mai wanda shi ne tushen ƙamshin, shi ne kuma ya sa zomaye da bareyi ba su cika cin tsiron ba. Daga irin wannan mai ne ake samun sinadarin taimol, wanda ake sawa cikin maganin kurkure baki, masu kiwon zuma kuma suke yaƙar ƙwarin da ke addabar amya da shi.

Turawa sun daɗe da sanin daɗin taka shi. A 1625 Francis Bacon, wani shahararren malami kuma ɗan siyasa na Ingila, ya ba masu lambu shawarar su dasa tayim na daji a kan hanyoyin lambu domin ƙamshin da yake tashi in an taka shi. Wajen shekarar 1950 kuma marubuciya Vita Sackville-West ta shimfiɗa ƙananan filaye na tayim zalla a lambunta na Sissinghurst da ke lardin Kent, da nufin su yi kama da dardumar Farisa, lambun da masu yawon buɗe ido suke tururuwa zuwa kallonsa. Bambancin kawai shi ne, abin da waɗancan suka yi don sha'awa, mutanen yammacin Amurka larura ce ta kai su gare shi.

YADDA AKE DASA SHI

Masana aikin lambu sun yi ittifaƙi a kan cewa yawancin waɗanda tayim ya mutu a hannunsu, gata ne ya kashe musu shi. Mutumin da ya saba da ciyawar ado ya saba da zuba taki da ban-ruwa kullum, in ya yi wa tayim haka sai rassansa su yi tsawo su yi laushi, furen ya ragu, saiwar kuma ta ruɓe. Saboda haka abu na farko shi ne zaɓen wuri. Dole ne wurin ya riƙa samun rana aƙalla awa shida a yini, kuma ƙasar ta zama mai tsotse ruwa nan da nan. In ƙasar mai yumɓu ce, sai a gauraya ta da tsakuwa ƙanana da yashi mai gwaɓi, ko kuma a ɗaga wurin ya zama ɗan tudu yadda ruwa ba zai kwanta ba.

Abu na biyu, wanda ya fi kowanne wahala, shi ne kashe tsohuwar ciyawa. Tayim gajere ne, ba ya iya gasa da abin da ya fi shi tsawo, musamman ma kiri-kiri wadda ko guntuwar saiwarta aka bari a ƙasa sai ta sake tofowa. Wasu sukan sheme ciyawar da saiwarta baki ɗaya, wasu kuma su rufe filin da leda ko kwali na tsawon makonni shida zuwa takwas a lokacin zafi har ta mutu. Wanda ya yi gaggawa a wannan mataki zai shekara uku yana tsugune yana cira.

Ana iya shuka iri, ana kuma iya dasa ƙananan tsirrai da aka raina a gandun raino. Irin ya fi araha, amma ƙanana ne ƙwarai kamar ƙura, don haka akan gauraya shi da yashi kafin a watsa, kuma ba a binne shi, sai dai a danna shi a kan ƙasa, saboda yana bukatar haske kafin ya tsira. Yakan ɗauki makonni biyu zuwa huɗu, kuma tilas ƙasar ta zauna da danshi a duk wannan lokaci. Dashe ya fi tabbas amma ya fi tsada. Akan bar tazarar inci 6 zuwa 12 tsakanin tushe da tushe. Filin da ke da murabba'in ƙafa 1,000 zai ci tsiro dubu in an ba da tazarar ƙafa guda, in kuwa aka matso da su zuwa inci shida domin su yi saurin haɗewa, sai an sayi dubu huɗu. Wannan ne ya sa ake shawartar mai ƙaramin ƙarfi ya fara da ɗan yanki, in ya kama sai ya riƙa rarraba tushen yana faɗaɗawa shekara bayan shekara.

A can akan yi dashen ne a watan Afrilu ko Mayu bayan sanyi mai daskarar da ruwa ya wuce, ko kuma a farkon Satumba. Wani abin da sababbin shiga sukan manta shi ne, jure fari da ake faɗa sai bayan tsiron ya kafu. A shekarar farko yana bukatar ruwa a kai a kai kamar kowane dashe, har saiwarsa ta nutsa. Bayan nan ne ake janye masa hannu, a riƙa ba shi ruwa mai yawa lokaci guda amma jefi-jefi, a bar ƙasa ta bushe sarai tsakanin wannan ban-ruwa da wancan. Kafin ya rufe fili gaba ɗaya yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku, kuma cikin wannan lokaci ba makawa sai an yi ta cire ciyayi da hannu. Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, to, wanda ya jure wannan zai huta da injin aski na mako-mako, da kuɗin taki, da mafi yawan kuɗin ruwa. Abin da zai rage masa shi ne ya ɗan datse busassun furanni sau ɗaya a shekara.

ABOKIN ƘUDAN ZUMA

Ciyawar ado da ake askewa kowane mako ba ta samun damar yin fure, saboda haka ba ta ciyar da kome. Tayim kuwa in ya yi fure ƙudan zuma ba sa barinsa, kuma tun zamanin dā zumar Dutsen Hymettus na kusa da Atina, wadda ƙudan ke haɗawa daga furen wani nau'in tayim, ta yi suna a ƙasar Girka. Masu bincike na Jami'ar Minesota, da suke neman furannin da za a iya cuɗawa da ciyawar gida domin taimakon ƙudan zuma, sun sa tayim mai yaɗo cikin ire-ire ukun da suka fi ba da shawara a kansu, saboda gajartarsa ta sa wuƙar inji takan wuce ta samansa.

Labarin da ya fi nuna muhimmancin wannan tsiro, da kuma rauninsa, daga Ingila ya zo. Akwai wani shuɗin malam-buɗe-littafi wanda a kan tohon furen tayim na daji yake yin ƙwai. Tsutsarsa takan ci furen na 'yan makonni, sa'an nan ta faɗo ƙasa, inda wata irin jar tururuwa za ta ɗauke ta ta kai gida bisa zaton 'yarta ce. A can za ta zauna wajen wata goma tana cin 'ya'yan tururuwar har ta rikiɗa ta fito da fukafukai. Da wata cuta ta karkashe zomayen Ingila daga 1953, aka kuma rage kiwo a kan tuddai, sai ciyawa ta yi tsawo ta yi wa ƙasa inuwa, ƙasar ta yi sanyi, tururuwar ta ƙaura, tayim ɗin ma ya soma shaƙewa. A 1979 aka tabbatar da cewa wannan malam-buɗe-littafi ya ƙare ƙaf a Birtaniya. Masanin ƙwari Jeremy Thomas ne ya gano sirrin alaƙar, aka mai da dabbobi kiwo a wuraren domin ciyawa ta gajarta, sa'an nan aka ɗebo iri daga Suwidin a farkon shekarun 1980 aka sake shi, ya kuwa kama ya yaɗu. Abin da ya faru a waɗancan tuddai shi ne ke faruwa a ƙofar gida in aka bar doguwar ciyawa ko inuwar bishiya ta rufe tayim.

INDA BA YA YI

Duk da wannan yabo, masana suna jan kunnen jama'a kada su ɗauka tayim zai yi duk aikin da ciyawa ke yi. Yana jure a taka shi jefi-jefi, amma ba zai ɗauki wasan ƙwallo ko zirga-zirgar yau da kullum ba, shi ya sa akan jera faffaɗan duwatsu a inda ake yawan bi, a bar shi ya cika tsakaninsu. A lokacin fure, gidan da ke da yara masu yawo ba takalmi sai an yi hattara da harbin zuma. A tsakiyar hunturu launinsa yakan dushe. Bayan shekara uku zuwa biyar kuma tsakiyar tushen yakan tsufa ya zama itace, ya bar sanƙo, sai an tono an rarraba an sake dasawa.

Babban abokin gabarsa shi ne zafi haɗe da laima. A kudu maso gabashin Amurka, inda ake ruwa da gumi a watannin zafi, shimfiɗar takan riƙe danshi a ƙarƙashinta, cuta ta kama ta, ta ruɓe daga ciki. Wannan ya kamata mai karatu a ƙasar Hausa ya lura da shi, domin zafin Maris da Afrilu da kuma laimar Agusta duka sun saɓa wa abin da tsiron ya gada daga tuddan Turai. Wanda yake da sha'awar gwadawa gara ya fara da tukwane ko ɗan ƙaramin tudu mai tsakuwa, kuma wurare masu tsayi da sanyi kamar Jos da Mambila sun fi kusa da yanayin da yake so.

Ko da tsiron bai karɓi ƙasar ba, lissafin da ya sa mutanen Denba suka koma gare shi ya shafi kowane gari da ake shayar da ciyawar gaban ofis da ruwan famfo a tsakiyar rani, alhali unguwannin bayan ofis ɗin suna sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. Hukumomin yammacin Amurka sun yi shekaru suna kallon tafkinsu yana janyewa kafin su yarda cewa ciyawar da suka gada daga Ingila mai yawan ruwan sama ba ta dace da ƙasarsu ba. Da suka yarda, abin da suka fara yi shi ne auna ruwan da kowane murabba'in ƙafa yake sha, sa'an nan suka nemo tsiron da asalinsa ya yi daidai da ƙasar da ruwan saman da suke da shi. In gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, an san abin da ya kamata mai gemu ya yi, kuma gwajin irin wannan ba ya bukatar fiye da ɗan yanki na fili da haƙurin damina biyu ko uku.